Akori-kurar Baba ta tashi

Wallahi jiya da yamma da na murɗa makulli ta yi tari sau biyu ta kama, sai da na ji hawaye a idona. Shekara 11 tana ajiye a bayan gidanmu a Unguwar Rogo da ke Jos, Peugeot 504 ce irin waɗanda a da ake haɗawa a Kaduna, da ita Baba Allah ya jiƙansa yake kai tumatir da kabeji kasuwar Farin Gada tun muna firamare.

Ranar da na fara buɗe ta ɓeraye sun cinye wayoyi, lagireto duk tsatsa, fetur ɗin da ya rage a tanki ya koma kamar danƙo. Kafireta ce ta fi ba ni wahala, sau uku ina kwance ta ina jera ƙananan notuna a faranti don kar su ɓace, in wanke da tsohon buroshin haƙori, ashe wata 'yar ƙofa ce kamar ta allura ta toshe. Fulogi da gaskit kuwa a Dilimi na samo, wani dattijo ya tono min su yana cewa "ɗana, wannan motar mutanen da ce, riƙe ta da kyau."

Da sauran aiki, birki ba ya kamawa, wajen ƙafar direba ma ya huje sai mai walda ya zo. Fenti kam fari zan mayar mata, Umma ta ce kar in kuskura in canja kala.