Karen Maƙwabcina da Hukuncin Tsintuwa

A daminar da ta wuce, maƙwabcina a nan Garwa, wani dattijo mai lambu a bakin kogin Binuwai, ya rasa karensa a daren da ruwa ya ci lambun ya kore su da 'yan komatsansu. Shekara shida karen nan yana gadin albasa da injin ban ruwa. Bayan kusan wata biyu sai ɗansa ya hango shi a ƙofar wani gida a wata unguwa, ya yi ɓul-ɓul, har da abin wuya. Ashe waɗansu matasa ne masu tausayin dabbobi, waɗanda sukan yi karo-karo su kai karnukan titi wurin likitan dabbobi, suka tsince shi da rauni a ƙafa, suka yi masa magani, sannan suka bai wa wani ma'aikaci ya riƙe. Da dattijon ya je, shugaban matasan ya ce masa, "Baba, da kana kula da shi, ai da ba mu same shi cikin kwata yana ɗingishi ba." Shi kuwa ya amsa, "Ɗana, daren da ruwa ya shigo jikokina na ɗauka."

Wannan amsa ce ta sa na nemi sanin yadda ake yanke irin wannan rigima a ƙasashen da ƙungiyoyin ceton dabbobi suke da ƙarfi da lauyoyi, sai na tarar maganar da aka yi a ƙofar gidan nan an sha yin ta a gaban alƙalan Amurka. A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans, aka kwashe mutane, da yawansu kuma ba a yarda su shiga motocin ceto da dabbobinsu ba. Ƙungiyoyi suka tattara dubban karnuka, suka rarraba su a jihohi masu nisa. Da masu su suka farfaɗo suka fara cigiya, waɗansu daga cikin sababbin mariƙa suka ƙi mayarwa, suna cewa karen ya fi jin daɗi a wurinsu. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa masu neman karnukansu talakawa ne baƙaƙen fata, mariƙan kuwa masu hali ne. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Texas ta mayar wa wata mata 'yar New Orleans karyarta bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar ita ce. Tun a 2006 ma an kafa dokar tarayya da ta sa hukumomi su riƙa lissafa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a idan bala'i ya auku.

Shari'ar da ta fi kama da tamu ita ce ta birnin Houston. A farkon 2013 wani kare ya sulale daga gidansu, ma'aikatan birni suka kama shi, suka rubuta jinsinsa ba daidai ba, don haka masu shi suka yi ta nema ba su gan shi ba. Da wa'adin ajiya na kwana uku ya cika, aka miƙa shi ga wata ƙungiyar ceto, ita kuma ta ƙi sakinsa. Sai a 2016 kotun ƙoli ta Texas ta ce ba inda dokar birnin ta bayyana cewa cikar wa'adi tana raba mutum da mallakarsa, don haka kare na masu shi ne. An kwashe shekara uku ana shari'a a kan dabbar da duka rayuwarta ba ta cika wuce shekara goma sha biyu ba.

Ba ko'ina ne ake samun wannan sassauci ba. A Faransa kwana takwas na aiki ake ajiye kare a wurin tsaron hukuma, idan ba wanda ya zo sai a ɗauke shi a matsayin yasasshe, mallakarsa ta koma hannun masu wurin. A Ingila kwana bakwai ne, amma tun 2016 wajibi ne a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda take nuna mai shi.

Mu a wannan ɓangare na Kamaru da ya gaji dokar farar hula ta Faransa, sashe na 2279 yana cewa wanda abu yake hannunsa shi ake ɗauka mai shi, amma wanda abinsa ya ɓata ko aka sace yana da shekara uku ya neme shi daga duk hannun da ya gan shi. Sai dai maƙwabcina bai taɓa jin wannan sashe ba, kuma kuɗin lauya ya ninka darajar karen. Abin da ya sani shi ne hukuncin tsintuwa da ya ji a zauren karatu, wato wanda ya tsinci abu mai daraja ya yi cigiyarsa shekara guda, abin kuma amana ne a hannunsa. Matasan nan ba su yi cigiya ko ta yini ɗaya ba, ba a ƙofar masallaci ba, ba a kasuwa ba, ba wurin jauro, wato mai unguwa, ba. Hoton karen kawai suka sa a Facebook, inda mai lambu ɗan shekara saba'in ba zai taɓa leƙawa ba.

Wani zai ce kare ba dukiya ba ne, tun da an hana cin kuɗinsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a nan ya sani, ta kawo hanin sayar da karnuka, ta ce an yi saɓani a kan waɗanda aka yi izinin ajiyewa, sannan ta ce wanda ya kashe irin wannan kare zai biya ƙimarsa. Karen noma da na kiwo da na farauta suna cikin waɗanda aka yi wa izini, kuma abin da ake biyan ƙimarsa lalle yana da mai shi. Malaman Malikiyya ba su manta da mai tsintuwa ba, domin sun ce idan ya ciyar da dabbar da ya tsinta, mai ita yana da zaɓi, ko ya biya abin da aka kashe ya karɓi abarsa, ko ya bar masa ita. A ganina wannan ya fi abin da na karanta na kotunan waje adalci, domin ya bai wa mai ceto haƙƙin wahalarsa ba tare da ya mai da shi alƙalin da zai auna wanda ya cancanci riƙe kare ba.

Ba na raina aikin matasan, domin kare marar allura haɗari ne ga yaran unguwa saboda ciwon haukan kare, kuma ko ba kome sun yi masa allurar da maƙwabcina bai taɓa yi masa ba. Wannan ne ma raunin hujjarsa, domin takardar allura mai ɗauke da sunansa ita ce shaidar da za ta kashe gardama nan take. A Injamena an yi wa karnukan birni allura kyauta a 2012 da 2013, aka wuce kashi 70 cikin ɗari, kuma duk inda aka yi irin wannan, mai kare yakan koma gida da takarda a hannu.

Tun da babu takarda, sai aka koma ga shaidu a gaban jauro. Masu lambu uku suka bayyana tsohon tabon da ke bayan kunnen karen tun kafin a fito da shi, sannan dattijon ya yi masa fito daga bakin zaure, karen ya tsinke igiya ya nufo shi. Matasan suka kawo rasit na sefa dubu 18, jauro ya ce a biya su kashi uku bayan an cire albasa. Ma'aikacin da ya riƙe shi ya bar masa abin wuyan, kuma a makon da ya biyo baya ɗan dattijon ya je wurin likitan dabbobi aka sauya sunan da ke kan takardar allura.