Godiya ga duk wanda ya tsaya mana bayan haɗarin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da haɗarin, sai yanzu na iya riƙe waya na ɗan jima ina rubutu, da hagu ma nake dannawa don hannun dama yana rataye, saboda haka in kun ga kuskure a yi min haƙuri. Saƙonni sun taru sun fi ƙarfina, wasu na buɗe ban amsa ba, wasu ko buɗewa ban yi ba, wallahi ba wulaƙanci ba ne. Shi ya sa na ce bari in haɗa kowa wuri ɗaya in yi godiya, in kuma faɗi abin da ya faru da bakina, don na ji labarin ya fara sauya kama, har an ce wai motar ta kama da wuta. Ba ta kama ba.

Alhamdulillahi, mu uku ne a ciki, ni da maman yara da autarmu mai shekara uku, kuma mu ukun muna raye. Ni na samu karaya a ƙashin kafaɗa da tsagewar haƙarƙari biyu, maman yara wuyanta ne ya ƙage washegari, ita kuwa auta ko ƙwarzane babu. Motar kam ta tashi daga aiki.

Dawowa muke daga ziyara bayan magariba. Dusar ƙanƙara ta sauka da rana ta ɗauke, motocin share hanya sun bi sun zuba gishiri, kwalta ta yi baƙi wuluk tana sheƙi kamar an wanke ta. Ma'aunin sanyi na mota yana nuna 2 ƙasa da sifili. Ni a raina na ce ai wannan ba komai, mun ga wanda ya fi haka, sai na danna kurus, na'urar nan da ke riƙe wa mota gudu, na ajiye ta a 100 na ɗage ƙafa ina hira. Muna hawa wata gada sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, kamar an cire shi daga jikin motar, ƙarar taya a kan kwalta ma ta ɗauke ɗif. Bayan motar ya fara zuwa gefe. Na taka birki da ƙarfi, sai na ji yana karkarwa yana bugun tafin ƙafata, tsoro ya kama ni na ɗauka ya lalace ne na sake shi, ashe ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, yake aikinsa, abin da ake so shi ne ka danne ka riƙe kana juya sitiyari inda kake son zuwa. Na san wannan fa, na sha karantawa, amma a lokacin ƙafata ba ta sani ba. Muka juya sau ɗaya da rabi, gefena ya daki ƙarfen tsakiyar hanya, jakar iska ta fashe min a fuska, muka tsaya bayan motar ya nutse cikin tarin dusar ƙanƙara. Daga nan sai ƙara ta ko'ina, gam, gam, motocin baya suna ta shiga juna.

Godiyata ta farko bayan Allah ga wani dattijo ce, direban tirela, wanda har yau ban san sunansa ba. Da na dawo hayyacina na ji auta tana kuka, abin da ya fara zo min shi ne in fita in zagaya in ciro ta. Har na kwance bel na tura ƙofa. Shi yana tsaye can bayan ƙarfen, ya daka min tsawa yana nuna min da hannu biyu in koma in rufe in mayar da bel. Raina ma ya ɓaci, na ce wannan wane ne kuma. Ban gama rufewa ba wata ƙaramar mota ta taho a karkace, tayoyinta ba sa ko juyawa, ta goge gefenmu ta tafi da madubi. Daidai inda zan sa ƙafa ta bi. Ina rubuta wannan jikina yana rawa.

Sai da ya tabbatar hanya ta toshe gaba ɗaya babu mai iya tahowa da gudu sannan ya tsallako. Bai ma fara ta kaina ba, bayan motar ya zagaya da ɗan shebur yana haƙa, ni ina mamakin me yake nema, ashe salansa ce ta toshe da dusar ƙanƙara alhali injin yana kunne na bar hita saboda yarinya. Ya ce hayaƙin da ke dawowa cikin mota ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai zai ɗauke mu. Ya ce in kunna injin kamar minti goma a kowace awa, in ɗan sauke gilashi kaɗan. Daga baya na tuna guguwar dusar ƙanƙara da aka yi a Buffalo ta Amurka a watan Disambar 2022, wadda ta ci mutum sama da 40, wasunsu a cikin motocinsu aka same su. Ya cire rigar sanyinsa ya miƙo ta taga aka lulluɓe auta, ya wuce mota ta gaba. Baba, duk inda kake, Allah Ya saka maka da alheri, Ya tsare ka a kan hanya kamar yadda ka tsare mu.

Sai maman yara. Da safe sai da muka yi 'yar taƙaddama, don kullum sai ta cire wa auta katuwar rigar sanyi kafin ta ɗaure ta a kujerarta, sannan ta rufa mata bargo a sama, ni kuma ina tsaye a sanyi ina mita ana ɓata min lokaci. Ta sha gaya min rigar kumbura ce kawai, in aka yi karo sai ta lotse bel ɗin ya yi sako-sako yaro ya zame. Ma'aikaciyar motar asibiti da ta ciro yarinyar ita ma abin da ta faɗa ke nan, ba tare da ta san mun yi musu ba. Uwargida, a gaban kowa nake faɗa, ke ce da gaskiya, na gode, kuma ki yafe min mitar.

'Yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan motar asibiti sun fi awa ɗaya kafin su iso gare mu, wani wurin da ƙafa suka ratso don babu inda mota za ta bi, ga dusar ta dawo da iska har ba ka ganin fitilar motar da ke gabanka. Ba zan manta wata 'yar sanda da ta tsuguna a bakin ƙofa tana yi wa auta wasa da tocila ba har aka gama ɗaure min kafaɗa. Likitoci da nas-nas na asibiti, musamman wadda ta zauna ta yi wa maman yara bayanin abin da za ta lura da shi a daren farko, amai ko yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa, na gode ƙwarai.

Yayana da ya kwana biyu a kujerar asibiti, maƙwabcinmu da kullum kafin gari ya waye ya share mana ƙofar gida ya zuba gishiri ba tare da an roƙe shi ba, matarsa da ke kai manyan yaran makaranta, abokan aiki da suka raba aikina a tsakaninsu, ƙanina da ya bi min maganar inshora da janwe, da duk waɗanda suka kira daga nesa suna kuka suna addu'a, ba ni da bakin gode muku. Allah Ya bar zumunci.

Akwai abin da ya tsaya min a rai, gara in faɗa. Mutane suna ta cewa tsautsayi ne, e tsautsayi ne, amma da hannuna a ciki. Tun watan Oktoba makanike ya ce min in sa tayoyin hunturu, masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, ya ce da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robar taya ta yau da kullum tauri take yi ta rage kama ƙasa. Na ce masa ai tawa ƙafa huɗu take ja. Ya yi dariya ya ce ja daban tsayawa daban, kowace mota da taya huɗu take birki. Na share. A lardin Quebec na Kanada doka ce ma, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ka sa su, ni kuwa da aka bar wa zaɓi na zaɓi son kuɗina. Ga kurus da bai kamata a taɓa shi ba in hanya da santsi. Ga kuma gada, wadda kowa ya san ita ke fara daskarewa saboda iska mai sanyi tana bin ta sama da ƙasa, allon gargaɗin ma na wuce shi ya fi sau ɗari ban taɓa rage gudu ba. Sheƙin nan da na ɗauka jiƙa ce, siririyar ƙanƙara ce garai-garai wadda kake hango kwalta ta cikinta, kuma a kanta tazarar tsayawa tana iya ninkawa har sau goma. Ɗan sandan da ya ɗauki bayanina bai yi min faɗa ba, ya dai ce irinta ce ta haɗa motoci 133 a Fort Worth ta jihar Texas a Fabrairun 2021, mutum 6 suka rasu. Na yi shiru, don ni da iyalina ne a cikin tawa.

A namu haɗarin akwai waɗanda suka ji ciwo fiye da ni, wata mata da aka kwantar kusa da ɗakina har na fito ba a sallame ta ba, ku sa ta a addu'a don Allah.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, amma in an ce za a yi dusa ko ruwa mai daskarewa ranar, don girman Allah ku zauna a gida ku kira a waya, ba zan ji haushi ba. Ranar Laraba zan koma a sake ɗaukar hoton kafaɗar. Sannan in akwai wanda yake wurin a daren, ko ya san wani dattijo mai farin gemu da ke jan farar tirela, ya yi min magana ta akwatin saƙo, rigarsa tana wurinmu an wanke ta, akwai ma tabarau ɗinsa na karatu a aljihu.