Naɗin da babu rawani

Asabar, 6 ga Mayu, 2023. Mabera, Sakkwato.

Yara sun kwanta a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa, ni kuma barci ya ƙi zuwa. Hannuwana har yanzu suna ƙanshin turaren da ke jikin tsohon rawanin Baba. Bari in rubuta yadda ranar ta kasance tun ban manta ba.

Sati guda ke nan ana ta faɗa a rediyo cewa yau za a yi bikin naɗin sarautar Sarki Charles na Uku na Ingila. Ban yi niyyar kallo ba. Baba ne da asuba, muna dawowa daga masallaci ina riƙe da hannunsa, ya ce, "Yau ne za a naɗa ɗan Sarauniya ko? Ka kunna mini in gani." Shekarunsa 85, kuma kullum yana cewa shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, wato 1938, ita ce shekarar haihuwarsa. Mutumin da ba ya kallon talabijin ko labarai ne, in ya roƙi abu irin wannan ai ba a ja da shi.

Agogonmu da na Landan ɗaya ne a wannan lokaci na shekara, don haka ƙarfe 11 nasu ita ce tamu. Da goma da rabi aka ɗauke wuta. Na aiki babban yarona ya sayo mai a galan, muka tayar da janareta, muka jawo wa Baba kujerarsa gaban fanka. Uwargida tana azumin Sitta Shawwal, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa tana leƙe. Abin da ya fara ɗaukar hankalin kowa a ɗakin ba zinariya ba ce, ruwan sama ne. Ga mutane cunkus a bakin titi da lema, ruwa na zuba a kan dawaki, mu kuwa nan zufa na bin bayanmu, ko digo ba mu gani ba bana. Uwargida ta ce, "Allah Ka kawo muna namu." Muka ce amin gaba ɗaya.

Ni ne tafinta. Mai sharhi yana Turanci, ina juya wa Baba da Hausa. Na gaya masa cocin nan, Westminster, tun 1066 ake ɗora wa sarakunansu kambi a cikinsa. Kujerar katakon da za a zaunar da shi ta haura shekara 700. Man da za a shafa masa daga zaitun ɗin Ƙudus aka tatso shi. Da kyamara ta bi ta kan baƙi na ce masa Shugaba Buhari ma yana can cikin taron. Ya gyaɗa kai kawai. Dawakin su ne suka motsa shi. Ya matso har gaban allo yana duban yadda suke jefa ƙafa tare, ya ce an ba su horo, amma babu ado. Daga nan sai labarin Kaduna ya taso.

Na sha jin labarin nan, amma ban taɓa jin sa da hoton gidan Sarauniyar a gabana ba. A farkon 1956, yana saurayi, ya bi tawagar wani hakimi zuwa hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna, shi ne mai riƙe wa baffansa doki. "Da munka isa," in ji shi, "ban san akwai dawaki haka ga duniya ba. Kowace ƙasa da nata tambura, kowane sarki da kakakinai. Ita ko Sarauniya, yarinya ta, 'yar ƙarama, can nesa muka hango ta." Ya ce Sardauna ya fi tsaya masa a rai fiye da ita, saboda tsawonsa da girman rawaninsa. Ɗiyata ta tambaye shi ko wannan tsohon mai furfura da ke cikin keken doki yana wurin. Baba ya yi dariya ya ce, "Amaryata, wanga lokacin nan bai wuce tsarar ki ba." Gaskiyarsa kuwa, a 1948 aka haifi Charles. Yau yana da shekara 74, uwarsa ta yi shekara 70 a kan karaga kafin ta rasu a Satumbar bara.

Wuri biyu suka sa ɗakin ya yi tsit. Na farko lokacin rantsuwa, da ya ɗora hannu a kan littafinsu ya yi alkawarin zai yi mulki bisa dokokin mutanensa da al'adunsu, zai tsayar da adalci cikin jin ƙai. Tun da farko ma wani yaro ƙarami ne ya tarbe shi, shi kuma ya amsa cewa ya zo ne ya yi hidima, ba a yi masa ba. Na biyu lokacin da aka tuɓe masa manyan kayan, aka bar shi da farar riga sake, aka kawo labule aka kewaye shi, babu wanda ya ga shafa man. Dattijo da 'yar shara a gaban duniya. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Haka za a tuɓe kowa." Wannan wurin ya taɓa ni fiye da duk zinariyar da ta biyo baya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wajen sha biyun rana Babban Limamin Canterbury, Justin Welby, ya ɗaga kambin sama. Na gaya wa Baba an ƙera shi a 1661, zinariya ce zalla, nauyinsa ya ɗara kilo 2. Ya sauke shi a kan Sarki, ya ɗan gyara masa zama, ya ja da baya. Aka busa ƙahoni, aka harba igwa. Baba ya jira. Ya ƙara jira. Sai ya juyo ya dube ni.

"To, yaushe za a yi naɗin?"

Na ce, "Baba, ai an yi. Shi ke nan."

"A'a. Ɗorawa anka yi. Ina naɗi?"

Yara suka yi dariya, ni ban yi ba, domin sai a lokacin na ji kalmar da kunnena. Mu a harshenmu ba mu da wata hanyar faɗar yin sarki sai ta rawani. Naɗawa ake yi, zagaye bayan zagaye, da hannun wani, mutum yana durƙushe ko zaune ya sunkuyar da kai, ba ya ganin abin da ake yi masa. Ana ɗaukar lokaci. A ja amawali a rufe baki, don mai sarauta ba ya yawan magana. A fitar da kunne biyu in ɗan sarki ne. Sannan a yafa alkyabba. Kuma abin da aka naɗa yana warwaruwa. Baba ya ga Sarakunan Musulmi huɗu da idonsa: Abubakar da ya yi shekara 50, Dasuki da aka naɗa a 1988 aka sauke a 1996, Maccido da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Oktoban 2006, da Sa'ad Abubakar na yanzu, na 20 a jerin. Wanda ya ga wannan duka ba zai yarda cewa hular ƙarfe da aka aza cikin ƙiftawar ido ta gama magana ba.

Da Yarima William ya durƙusa gaban mahaifinsa ya yi masa alkawarin biyayya ya sumbace shi a kumatu, Baba ya ce, "Yauwa, ga mubaya'a nan. Wagga na sani." Ya juya ga yara ya gaya musu cewa tamu ta fara ne a Gudu a 1804, a gindin itacen faru, inda jama'a suka miƙa wa Shehu Usmanu hannu. Babu kujera, babu kambi, babu keken zinariya.

A nan ne zuciyata ta rabu biyu, kuma har yanzu ba ta haɗu ba. Abin ya ƙayatar, ba zan yi ƙarya ba. Tsarin, natsuwar, yadda kowa ya san inda zai tsaya, yadda suka adana kujera ɗaya shekara ɗari bakwai ba ta ɓace ba. Amma ni ɗan Sakkwato ne. Kullum ina wucewa ta gefen filin wasa na Giginya, kuma na san dalilin sunan. A fagen yaƙin Giginya ne, ran 15 ga Maris 1903, sojojin Turawa suka ci garin nan da sunan Sarki Edward na Bakwai, kakan kakan wannan da muke kallo. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'arsa, aka cim masa a Burmi cikin Yulin shekarar, ya yi shahada. Cikin 'yan kwanaki da cin garin, Gwamna Lugga ya tsaya ya tabbatar da wani Sarkin. Da aka miƙa wa Charles sandar nan mai ƙaton lu'ulu'un da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, sai na ji wani abu ya tokare mini a maƙogwaro. Ban fassara wa Baba wannan wurin ba. Ashe yana lura da ni. Ya ce, "Na san abin da kake tunani. Kakana ya bi Attahiru har Burmi, bai komo ba. Amma wanga tsoho maraya ne yau, bari shi sha ranar shi." Ban iya amsa masa ba. Ban kai inda ya kai ba, kuma ban tabbata ina son kaiwa ba.

Muka tashi sallar Azahar. Da muka dawo suna kan barandar fadar Buckingham suna ɗaga hannu, jirage sun wuce kaɗan saboda hadari, man janareta ya ƙare. Aka kawo fura, Baba ya sha ya kwanta.

Bayan Magariba, uwargida ta sha ruwa, sai Baba ya aiki ɗiyata ta ɗauko masa wata jaka a ƙasan gadonsa. Farar harsa ce, ta ɗan yi ja saboda daɗewa. Tun da hannunsa ya fara rawa bai ƙara naɗi da kansa ba, ko Sallar da ta wuce maƙwabci muka kira. Ni kuwa na kai shekara arba'in da biyar ban taɓa koya ba, kuma yau abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ya sa babban yarona ya zauna a kan turmi da hula, ya miƙo mini bakin ƙyallen.

"Kama nan. Hannun hagu ya danne, na dama ya zagaya. Kada ka ja da ƙarfi, kai ne, ba dami ba."

Sau uku yana warwarewa. A na huɗu ya zauna, ko da yake ya karkace wajen kunnen dama. Baba ya miƙa yatsu biyu ya gyara shi, ya ja amawalin ya rufe wa yaron baki, ya koma baya ya duba shi ta hasken fitila. Ya ce gobe bayan La'asar mu sake, kuma ranar Juma'a ni zan naɗa masa nasa.