Baƙin Zare a Kan Farin Lilin: Inda Na Kai a Rigar Katarina

'Yan uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Bakin hannun dama ya kammala, na hagu na ci rabinsa, saura wuyan riga. Ga waɗanda ba su san abin da na ɗauko ba, ɗinkin nan ne na baƙin siliki a kan farin lilin, wanda ya yi tashe a fadar Ingila a ƙarni na 16, ake kuma jingina shi ga Katarina ta Aragon, uwargidan Sarki Henry na Takwas. Ba ita ta ƙirƙiro shi ba, don tun kafin a haife ta ana yi wa wuyan riga ado da baƙin zare a Ingila. A zamaninta dai ya zama abin yayi.

Ba a zana komai a jikin yadin, zaren saƙar ake ƙirgawa. Ni kowane taki zare biyu nake hayewa. Sai ki tafi kina ɗinka ɗaya kina tsallake ɗaya har ƙarshen layi, sannan ki juyo ki cike guraben da kika bari, allura na komawa ramin da ta bi ɗazu. In akwai reshe a gefe, ganye ko ƙaya, a tafiyar farko za ki shiga ki gama shi ki fito, kafin ki ci gaba. Ba a ƙulli. Jelar zaren ake bari, daga baya a cusa ta ƙarƙashin ɗinkin. Ki nemi allura marar tsini, don mai tsini tana tsaga zaren saƙar, ƙirgen ya rikice. In an yi daidai, ciki da waje sai su fito iri ɗaya, kuma dole ne su fito hakan, tunda bakin hannu yana kifewa a ga bayansa. Ku nemi hoton Jane Seymour, matar Henry ta uku, da mai zane Holbein ya yi, ku buɗa wajen hannayenta a waya, za ku ga layin siriri kamar da alƙalami aka ja.

Rumman na zaɓa, domin shi ne tambarin Katarina, alamar birnin Garanada na ƙasar Sifen. Tana da shekara 6 iyayenta, Ferdinand da Isabella, masu sarautar Sifen, suka karɓe birnin daga hannun Musulmi a 1492, ta kuma zauna a fadar Alhambra. An samu tsofaffin ƙyallaye a Masar, na zamanin sarakunan Mamluk, da irin wannan ɗinki na je-ka-ka-dawo, to kun ga hanyar da ya biyo tana da tsawo.

Katarina na da shekara 3 aka ba da ita. Yarjejeniyar Medina del Campo ta 1489 ce ta haɗa ta da Arthur, ɗan Henry na Bakwai, saboda Sifen na neman abokin taron dangi a kan Faransa, shi kuma sarkin Ingila, da yaƙi ya hau gadon, yana son manyan gidajen sarauta su yarda da shi. Ta sauka a Plymouth a Oktoban 1501, aka ɗaura aure a watan Nuwamba a cocin St Paul da ke Landan. Da Latin suka riƙa rubuta wa juna wasiƙa, amma da suka haɗu ba su fahimci juna ba, don kowa da irin lafazin da aka koya masa. Ko wata biyar ba a cika ba Arthur ya rasu a Ludlow, a Afrilun 1502. Ga ta bazawara tana da shekara 16.

A nan ne hannuna ya fi yin sanyi in ina ɗinkin. A can uban amarya ne ke biyan dukiyar aure, kamar a ce gara ce aka mayar kuɗi tsaba, kuma rabin kurawun (kuɗin wancan zamani) 200,000 da aka yi alkawari kawai aka kawo. Surukinta ba ya son mayar da abin da ya karɓa, ubanta ba ya son cika ragowar. Sai aka ajiye yarinyar a Landan shekara bakwai, ba a mayar da ita gida ba, ba a aurar da ita ba, har ta kai ga sayar da kayan azurfarta don ta ciyar da masu yi mata hidima. A cikin wannan hali ne mahaifinta ya naɗa ta jakadiyarsa a 1507. Sai a Yunin 1509 ƙanin mijinta, Henry na Takwas, da ya hau gado, ya aure ta, da izinin da aka karɓo daga Fafaroma tun da farko.

Abin da ya sa na zaɓi riga, ban zaɓi mayafi ko matashin kai ba, shi ne ita da hannunta take ɗinka wa Henry rigunansa na ciki. Kada ku ɗauka zaman banza ne ya sa. A 1513, sarki na yaƙi a Faransa, ita aka bar wa riƙon ƙasa, ta rubuta wa Wolsey, mashawarcin sarki, cewa aikin tutoci da tambura ya sha mata kai. Rundunar Ingila ta ci Sikotilan a Flodden, ta aika wa mijinta rigar sarkin Sikotilan ɗin da aka kashe, James na Huɗu, jina-jina. Macen da ta yi wannan ta san amfanin allura. Ta yi ciki aƙalla sau shida, Mary kaɗai ta rayu, wadda aka haifa a 1516. Da Henry ya tashi neman a warware auren, wai matar wansa ce, ba ta daina ɗinkin ba. Chapuys, jakadan Sarki Charles na Biyar na Sifen a Ingila, ya ba da labari a 1530 cewa Anne Boleyn, wadda Henry ke son ya aura, ta tayar da ƙura da ta ga ana kai wa sarauniya lilin na rigunan sarki. Ni ban ga laifin Anne a lissafinta ba, ta gane abin. Wadda ke ɗinka rigar da ke taɓa fatar sarki ita ce matar gida, kuma Katarina ba ta da niyyar sakin wannan. An raba ta da fada a 1531, aka ce babu aure a 1533, ta rasu a Kimbolton ranar 7 ga Janairu, 1536, ba ta taɓa yarda a kira ta da wani suna ba sai sarauniya. Har yau masu ziyarar kabarinta a Peterborough suna ajiye rumman a kai.

Maganar zare kuma. Kafin ki sa shi a farin yadi, yanko ɗan guntu, ki jiƙa, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki gani. In ya bar inuwa, zai zuba a wankin farko. Na mutanen da ba zuba yake yi ba, ci yake: akwai ƙarfe a rinin, shi ke cinye silikin, shi ya sa tsofaffin rigunan da suka rage da yawa sai ramukan allura. Sili ɗaya nake amfani da shi a layin, don biyu na cushe 'ya'yan rumman ɗin su zama dunƙule. Kuma da hasken rana nake yi, baƙi a kan fari da dare yana cin ido.

Wuyan riga ya fi faɗi, saboda haka zan jera rumman da kurangar da ke haɗa su. Zan fara fitar da shi a takardar lissafi mai gida-gida, gida ɗaya taki ɗaya, in bi layin da fensir in tabbatar kowane reshe yana da hanyar dawowa. Mai son mu tafi tare ta tanadi takardar da fensirinta, ta fara gwada ganye ɗaya a guntun yadi.