Kyautar Baillie Gifford da tsadar rubuta gaskiya

Idan watan Nuwamba ya kama, nakan kasa kunne in ji littafin da ya lashe kyautar Baillie Gifford, wadda ake bayarwa kowace shekara a Birtaniya ga littattafan da ba na ƙagaggen labari ba. An fara ta a 1999 da sunan Samuel Johnson, kuma a 2016 ta ɗauki sunan kamfanin zuba jari na birnin Edinburgh da ke ɗaukar nauyinta. Wanda ya yi nasara yana samun fam 50,000, kuma ba a la'akari da ƙasar marubuci muddin littafin ya fito da Turanci a Birtaniya.

A ganina, wannan kuɗi ya fi tasiri ga irin waɗannan marubuta fiye da marubutan ƙagaggun labarai, domin aikinsu yana cin dukiya tun kafin su rubuta shafin farko. Mai rubuta tarihin wani yaƙi sai ya yi shekaru yana zama a ɗakunan adana takardu, yana buɗe tsofaffin wasiƙu da rahotannin da ƙura ta rufe, yana biyan kuɗin tafiya da na tafinta, sannan ya bi sawun tsofaffin da suka ga abin da idonsu kafin rai ya yi halinsa. Wani lokaci ma yakan yi watanni yana neman tabbatar da magana guda, daga baya ya cire ta saboda shaidun sun saɓa wa juna. Mai karatu ba ya ganin wannan wahala, amma ita ce ke sa ya amince da abin da ya rage a shafin.



Shi ya sa abin da ya faru a 2024 ya ja hankalina. Richard Flanagan, marubuci ɗan Ostareliya wanda ya taɓa cin kyautar Booker ta ƙagaggun labarai a 2014, ya lashe kyautar Baillie Gifford amma ya ce ba zai karɓi kuɗin ba sai kamfanin ya fito da shirin rage jarinsa a harkar man fetur da dangoginsa. Ina girmama matsayinsa, sai dai na san ba kowane marubuci ne zai iya haka ba, musamman wanda ya ci bashi kafin ya kammala bincikensa.