Kiɗan jazz kyauta a unguwar Harlem

In kana New York lokacin zafi, Yuli zuwa Agusta, don Allah kwashi yara ku je wasan Jazzmobile, ko sisi ba a biya. Tun 1964 Billy Taylor mai buga fiyano da abokansa suka faro abin, a ɗora makaɗa a mota a bi layi-layi saboda talaka ma ya ji jazz a ƙofar gidansa, wallahi wannan tunanin na burge ni sosai. Laraba da yamma ana yi a Grant's Tomb, wato harabar kabarin tsohon shugaban Amurka Ulysses Grant, Juma'a kuma a filin shaƙatawa na Marcus Garvey Park, kowa da kujerarsa da kular abinci, sai ka ga tsohuwa ta aje sanda ta jawo jikanta suna cashewa. Ku dai je da wuri, gaba saurin cika yake.