Talata da dare, hedifon ɗin aro da tambayar Auta

Yau na tashi da niyyar in kashe maganar sayen hedifon ɗin nan kowa ya huta. Tafiya ta matso, tsohon nawa kuma ya gaji. Fatar soson ta gama ɓarewa, duk sanda na cire shi sai na kakkaɓe baƙin ɓurɓushi daga wuyan riga, batirin kuma da ƙyar yake kai ni tsakar rana.

Malam ya cika alkawarin da ya yi na ara mini hedifonsa mai kashe ƙara. Ya zo ofis da nasa, ya ce in riƙe har gobe in ga yadda zai zauna mini. Ina ɗora shi a kai na danna maɓallin, ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ya ɗauke ɗif. Wallahi ban san ina ɗauke da wannan ƙarar a kaina ba sai da ta tafi. Kafaɗuna suka sauka da kansu. Na zauna ina murmushi ni kaɗai, Malam yana kallona yana gyaɗa kai.

Ya karɓa ya nuna mini wasu 'yan ramuka a bayan kowane kunne. Ya ce makirufo ne a ciki, su ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙara ta tura cikin kunne. Inda sautin waje ya yi sama ita ta yi ƙasa, inda ya yi ƙasa ita ta yi sama, sai su kashe juna kafin su isa gare ka. Shi ya sa abin ya fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa, irin ta injin jirgi, fanka, firji ko gurnanin mota a doguwar hanya. Muryar mutum kuwa, da kukan jariri da bugun ƙofa, suna sauyawa da sauri, na'urar ba ta cim musu sosai. Soson da ya rufe kunne ne ke rage su. Ya ƙara da labarin da ya fi so, na Amar Bose, malamin jami'ar MIT, wanda ƙarar injin jirgi ta hana shi jin daɗin hedifon a wata tafiya daga Turai zuwa Amurka a 1978, ya ɗauki takarda ya fara lissafi tun yana sama. Matuƙa jirgi suka fara samu a 1989, fasinjoji sai a shekarar 2000. Na ji daɗin labarin, don ni ma ƙarar jirgin ce ta kawo ni nan.

Da hutun rana na sake buɗe 'yar takardar da nake rubuta hedifon ɗin da suka rage cikin waɗanda zan zaɓa. AirPods Max na soke shi tuntuni, wayata ba iPhone ba ce, kuma nauyinsa ya kai giram 385, alhali Sony WH-1000XM5 yana wajen giram 250. Wanda bai taɓa yini da abu a ka ba zai ce wannan bambanci ba komai ba ne, amma wuya ta san da shi. Matsalar XM5 a wajena ita ce ba ya naɗewa, jakarsa sai ta cinye rabin jakar bayana. Wanda ya biyo shi, XM6, an dawo masa da naɗewar. Bose QuietComfort Ultra na farko yana naɗewa, awa 24 yake bayarwa a caji ɗaya, Sony awa 30. Sennheiser Momentum 4 kuwa awa 60, kuma duk lokacin da na ga wannan adadi sai zuciyata ta karkata can, in tuna zaman filin jirgi da neman wurin caji a jikin bango.

Abin da ba zan sassauta ba shi ne ya iya haɗuwa da waya da kwamfuta lokaci guda, kira ya shigo ya juya da kansa ba sai na shiga saitin Bluetooth a tsakiyar taro ba. Ya zo da igiyar jonawa saboda allon kujerar jirgi. Sannan a iya sauya soson idan ya mutu. Makirufon kira ma magana ce daban da mutane ke haɗawa da kashe ƙara: shirun da ni nake ji bai nufin wanda ke ɗaya ɓangaren ba ya jin hayaniyar da ke bayana. Na kira Yaya daga baranda don in gwada, ya ce yana jina sarai, sai dai iska tana ɗan shiga.

Tabarau ne ya ɗan ba ni tsoro. Hannunsa yana ɗaga soson kaɗan ta gefen kunne, ƙara ta samu kafar shiga. Da na cire tabaran shirun ya ƙaru a fili. Haka na dawo gida cike da farin ciki, ina jin gobe zan yanke shawara.

Bayan cin abinci na zauna kan tebur in ƙarasa rahoton Oga. Na sa hedifon ɗin, na kunna abin da na saba saurare ƙasa-ƙasa, aiki ya kama tafiya yadda ya daɗe bai yi ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai na ji ƙaramin hannu a gwiwar hannuna. Auta ce, tsaye da littafinta a ƙirji.

Na zame kunne ɗaya. “Na'am, Auta?”

“Baba, na yi ta kiranka.”

“Ban ji ba, 'yar Baba. Me kike so?”

Ta dubi littafin, ta dubi abin da ke kaina, ta ce ta riga ta tambayi Mama. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

“Baba, in ka sayi naka, kullum haka za ka riƙa yi?”

Kafin in buɗe baki, Uwargida ta amsa daga inda take ninke kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba: “Ƙyale Babanki ya yi aikinsa, ai mun saba.”

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, kuma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Tun ɗazu kalmomin nan suke yawo a kaina. Mun saba. Da wane abu aka saba? Tsohon hedifon ɗin ko rabin wannan bai toshe ba, ke nan ba yau abin ya fara ba.

Na kira Auta ta dawo. Na ɗora mata shi, ya zurma har kumatunta, tana riƙe da shi da hannu biyu. Na kashe abin da ke kunne na bar kashe-ƙarar kaɗai. Idanunta suka buɗe, ta nuna fanka ta ce ta daina kuka. Na ce mata ta saurara, na kira sunanta. Ta ce tana ji, amma kamar daga wani ɗaki nake magana. Na yi mata bayanin da Malam ya yi mini, cewa injuna yake kashewa, mutane kuwa ba ya iyawa da su. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, “To me ya sa ba ka ji ni ba?”

Gaskiyar ita ce shirun da sautin da na kunna da hankalina da ya tafi rahoto, su ukun suka haɗu. Na faɗa mata haka. Ta gyaɗa kai ta miƙo mini abin ta tafi, ban san ko amsar ta gamsar da ita ba.

Na zauna ina gardama da kaina. Buƙatata ta gaske ce. Ƙarar cikin jirgi takan kai wajen desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan matakin awa 40 a mako ne iyakarsa ga babban mutum, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu. Da tsohon hedifon, don in ji abin da nake saurare a jirgi sai na ƙure sauti ya danne injin, in sauka kunnuwana suna ƙara, kaina yana sarawa. Mai kashe ƙara yana ba ka damar rage sautin ƙwarai kuma ka ji komai. Wannan kare kunne ne, kuma kunne in ya lalace ba ya dawowa. A ofis ma haka, mutum yana rubutu ana waya ta ko'ina. Ba na jin kunyar son shiru a waɗannan wurare.

Gida ne ban saka a lissafi ba. Duk abin da ke takardar nan, nauyi da batir da naɗewa, na jirgi ne da ofis. Babu layi ɗaya da ya shafi teburin nan da nake zaune, inda a zahiri zan fi daɗewa da shi a kai.

Akwai yanayin da ke shigo da sautin waje ta makirufo ɗin, ka ji mutane kamar babu komai a kunnenka, kuma duk waɗanda ke takardata suna da shi. Da rana ko kula shi ban yi ba, yanzu ya hau saman jerin. Sony suna da wata dabara, ka ɗora tafin hannu a kunnen dama sauti ya ragu ka ji na kusa da kai. Suna da wata kuma da ke tsayar da abin da kake saurare da zarar ka fara magana. Na daɗe ina juya wannan ta biyun. Muryata take jira. Yarinyar da ke tsaye a bayana tana cewa Baba, Baba, ba ta cikin abin da aka koya mata ta saurara. Dabarar hannun ma sai na riga na san akwai mai magana kafin in ɗaga shi. Ke nan in zan sa shi a gida, tun farko zan bar shi a buɗe, in haƙura da shirun da ya sa ni murmushi da safe. Ko kuma ya zauna a jakarsa har sai an kwanta.

Rahoton Oga bai ƙaru ba tun lokacin. Yaya ya sake kira kan maganar mota, na ce gobe. Kunnuwana sun yi gumi bayan doguwar sawa, wannan ma abin dubawa ne.

Zuciyata tana tsakanin Sony mai naɗewa da Bose, batirin Sennheiser yana ta leƙowa. Ban saya ba. Uwargida ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba, amma ba zan bar ta ta kwana biyu a haka ba. Da safe zan mayar wa Malam nasa, kuma kafin in tambaye shi komai game da batir zan tambaye shi yadda yake yi da shi a gida, shi da yaransa suka fi nawa ƙanƙanta.